Ba Kowane "Free" Ne Kyauta Ba: Laifin Mai Fassara a Iyakar Illela

Akwai wata kalmar Turanci mai haruffa huɗu wadda ta fi ƙarfin sakacin da ake yi mata. Kalmar ita ce *free*. Tana cikin sunan yarjejeniyar zirga-zirga ta ECOWAS, tana cikin sunan yarjejeniyar cinikayya ta nahiyar Afirka, tana cikin dokar ilimin bai-ɗaya ta Nijeriya, kuma da ita ake yi wa kowane zaɓe kirari kafin a kaɗa ƙuri'a. A kowane ɗaya daga waɗannan wurare ma'anarta daban ce. Duk da haka masu juya labari da sanarwa zuwa Hausa da dama suna yi mata riƙon sakainar kashi: su ɗauki ma'anar da ta fara faɗo musu a rai, su liƙa, su wuce. A ɗakin labarai wannan ƙaramin kuskure ne da ba ya hana kowa barci. A bakin iyaka kuwa kuɗin mutum ne, kayansa ne, wani lokaci har da kwanansa a ɗaure.

Babu inda ya fi dacewa a auna wannan magana kamar Illela. Garin yana arewacin jihar Sakkwato, 'yan kilomitoci kaɗan ne tsakaninsa da Birnin Ƙonni na jihar Tawa a Jamhuriyar Nijar. Layin da ya raba su Ingila da Faransa ne suka shata shi a yarjejeniyoyinsu na 1898 da 1904 da 1906, ba tare da sun tambayi Baƙonne ko Bagobiri ko Ba'adare ra'ayinsa ba. Hausar da ake ciniki da ita a kasuwar Illela ranar Lahadi ita ce ake ciniki da ita a Ƙonni. Shanu da tumaki da raƙuma da albasa da wake suna gangarowa kudu, hatsi da kayan masana'anta suna haurawa arewa. Amma dokar da ke mulkin wannan ciniki an rubuta ta da Turanci a wannan gefe, da Faransanci a wancan gefe, kuma babu ɗayansu da ake taya sa da shi a kara. Tsakanin doka da ɗan kasuwa ko da yaushe akwai wani mutum a tsaye: mai karanta labarai a rediyo, ko ɗan kamasho, ko dillali, ko jami'in da ke kan shinge. Abin da wannan mutum ya ce doka ta faɗa, shi ne dokar da ɗan kasuwa ya sani.

Kalma ɗaya, ma'anoni biyar

Bature yana cewa *free* idan abu ba a biyan ko sisi a kansa. Wannan ita ce kyauta, kuma a nan "ilimi kyauta" fassara ce mai kyau ga abin da shirin firamare na 1976 da dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 suka yi alkawari. Yana cewa *free* ga mutumin da ba bawa ba ne, ko ƙasar da ba ta ƙarƙashin wata. Wannan shi ne 'yanci, kuma Hausa ta daɗe da bambanta ɗa da bawa, da 'yantacce wanda aka 'yanta. Yana cewa *free* ga abin da ba a hana ba, wato babu tarnaki ko neman izini na musamman. Yana liƙa kalmar a wutsiyar wata don nuna an ɗauke wani abu takamaimai: kaya ba kuɗin fito, bashi ba ruwa, ƙasa da aka kawar da wata cuta daga cikinta, kamar yadda aka ayyana Afirka game da ƙwayar shan-inna ta daji a ranar 25 ga Agusta, 2020. Sannan yana cewa *free* ga kujerar da ba kowa a kanta, ko mutumin da ba shi da wani aiki a gabansa a yanzu.

Ma'anoni biyar ke nan a ƙalla, kuma Hausa tana da kalma ko salon magana dabam ga kowace. A wannan fage Turanci ne matalauci, domin ya cusa baƙi biyar a ɗaki ɗaya. Mai fassarar da ya mayar da su duka "kyauta", ko duka "'yanci", ya ɗauko talaucin wani harshe ya ɗora wa harshen da ba shi da wannan matsala.

Sauran harsuna ba sa yarda da wannan. Bafaranshe yana da *libre* yana da *gratuit*, kuma ɗan makarantar Ƙonni ba ya rikita su. Balarabe yana da *hurr* yana da *majjani*, kuma kowane almajirin da ya yi nisa ya san bambancinsu. Mai fassara daga Turanci zuwa harshen mutanen Holand dole ne ya zaɓa tsakanin *vrij* da *gratis* duk lokacin da ya ci karo da kalmar. 'Yancin zirga-zirga na Tarayyar Turai *vrij verkeer* ne a wurinsu, kuma wanda ya rubuta *gratis* a nan ya yi wa jama'a alkawarin shiga jirgin ƙasa ba tikiti. Hatta masu Turancin sun ɗanɗana kuɗarsu. Masu fafutukar manhajar kwamfuta da kowa ke da ikon gyarawa da rarrabawa sun shafe shekaru suna bayanin cewa 'yanci suke nufi, ba rashin farashi ba, har ta kai wasu sun aro *libre* daga Faransanci da Sifaniyanci don su huta da bayani. Idan masu harshen da kansu sun nemi taimako a waje, ba hujja ba ce ga mai fassarar Hausa ya ce shi abin da ya gani ya juya.

Abin da yarjejeniyar 1979 ta ce

An kafa ECOWAS a Legas ranar 28 ga Mayu, 1975. Ranar 29 ga Mayu, 1979, a Dakar, shugabanninta suka sa hannu kan yarjejeniyar zirga-zirgar mutane, wadda aka tsara aiwatar da ita mataki uku: ikon shiga, ikon zama, da ikon kafa sana'a. Matakin farko ya soke biza ga ɗan ƙasar ƙungiyar da zai ziyarci wata ƙasar ƙungiyar na tsawon da bai wuce kwana 90 ba. Amma ya gindaya sharuɗɗa: matafiyi ya riƙe ingantacciyar takardar tafiya da katin shaidar rigakafi, ya bi ta ƙofar da hukuma ta amince da ita, kuma kowace ƙasa tana da ikon hana shiga ga wanda dokarta ta ɗauka bai cancanta ba.

A auna fassarori biyu da wannan ma'auni. Wanda ya ce "tafiya kyauta" ya yi ƙarya, domin fasfo da takardar tafiya ta ECOWAS duk kuɗi ake biya a same su. Wanda ya ce "'yancin shiga da fita" ya tsaya a nan ya faɗi rabin gaskiya, domin mai sauraro zai fahimci cewa babu takarda, babu wa'adi, babu mai tambayarsa. Abin da aka ba shi a haƙiƙa ƙarami ne kuma bayyananne: shiga ba biza, har kwana 90, ga mai takarda. Tarihi ya nuna nauyin waɗannan sharuɗɗa. A watan Janairun 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta umarci baƙin da ba su da takardun zama su bar Nijeriya cikin mako biyu, kuma fiye da mutum miliyan ɗaya suka fice, akasarinsu 'yan Gana, tare da 'yan Nijar da Chadi da sauran maƙwabta. Yarjejeniyar Dakar tana nan da ranta a lokacin. Kalmar *free* ba ta ceci ko ɗaya daga cikinsu ba, domin ba ta taɓa nufin abin da talaka ya ɗauka tana nufi ba.

Shinge a takarda da shinge a kan hanya

A fannin ciniki matsalar ta fi zurfi, domin a nan hatta fassarar da ake ganin ta ƙware tana da rami. An saba jin ana kiran yarjejeniyar cinikayya ta Afirka da "kasuwanci maras shinge". Jimlar tana da daɗin ji, kuma ta fi "ciniki kyauta" nesa ba kusa ba. Amma wanda ya ƙirƙire ta yana tunanin shinge na ma'ana, wato haraji da ƙa'idoji. Direban da ke bin hanyar Illela zuwa Sakkwato shinge ɗaya ya sani: gungume da ganga da igiya a tsakiyar titi, da mutum mai kaki a gefe. Idan aka ce masa an cire shinge, abin da zai sa ido ya gani ke nan.

Yarjejeniyar ba ta yi wannan alkawari ba. An buɗe sa hannu a kanta a Kigali ranar 21 ga Maris, 2018, Nijeriya ta sa nata hannu a Yamai ranar 7 ga Yuli, 2019, kuma aka ayyana fara ciniki a ƙarƙashinta ranar 1 ga Janairu, 2021. Jigonta shi ne rage kuɗin fito sannu a hankali cikin shekaru a kan kashi 90 cikin ɗari na nau'o'in kaya, da ƙarin wa'adi ga kashi 7 da ake ganin suna da haɗari ga masana'antun gida, da barin kashi 3 a waje ɗungurungum. Kwastan suna nan, binciken kaya yana nan, haramcin wasu kayayyaki yana nan. Makonni shida bayan sa hannun Yamai, a watan Agustan 2019, Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, kuma Illela ba ta sake buɗewa ba sai Disambar 2020, tare da Seme da Maigatari da Mfum. Mutumin da aka gaya wa a watan Yuli cewa shinge ya kau, ya wayi gari a watan Agusta ya tarar da ƙofar kanta a garƙame, me zai ɗauka game da duk wata sanarwa da za ta biyo baya?

Haka tsarin sassauta ciniki na ECOWAS yake. Ya ɗauke kuɗin fito daga kayan da asalinsu na ƙasashen ƙungiyar ne, ya fara da amfanin gona da dabbobi da kayan sana'ar hannu, sannan aka faɗaɗa shi zuwa kayan masana'anta a 1990. Kayan masana'anta sai an yi musu rajista an ba su takardar shaidar asali. Dabbobi da amfanin gona ba a neman musu wannan takarda, amma ana neman shaidar lafiyarsu. Harajin cikin gida kuwa bai shiga cikin abin da aka yafe ba. Abu ɗaya aka ɗauke, mai suna, mai iyaka: kuɗin fito. Shinkafar Tailan da ta ratso ta Kwatano ta biyo ta Nijar ba ta zama 'yar gida don ta kwana a Ƙonni ba.

Wanda ke cin ribar duhu

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Fassara mai harshen damo tana cutar ɗan kasuwa ta fuska biyu. Wanda ya ji "kyauta" ya gaskata, zai iso bakin iyaka ba takarda, ba shiri, ya sami kansa cikin laifin da bai san ya aikata ba, kuma wanda ke cikin laifi ba ya ciniki da ƙarfi. Wanda kuma ya taɓa gaskatawa ya sha kunya, zai yanke hukuncin cewa duk maganar yarjejeniya tatsuniyar 'yan boko ce, ya riƙa biyan duk abin da aka ce ya biya, har da abin da doka ta riga ta ɗauke masa. Na farko ya yi asara saboda an faɗa masa fiye da haƙƙinsa. Na biyu ya yi asara saboda ya daina yarda cewa yana da haƙƙi ko kaɗan.

Makamin talaka a gaban shinge shi ne ya iya rarrabe kuɗi uku: wanda doka ta wajabta kuma ake ba da rasit a kansa, wanda doka ta yafe, da wanda ake karɓa a bayan mota. Kalmar "kyauta" tana narkar da ukun su zama ɗaya. Kalmar "ba kuɗin fito" tana ware su, domin ta ambaci sunan abin da aka yafe, ta bar mai kaya ya tambayi sunan abin da ake nema a hannunsa. Jami'i mai gaskiya ma yana amfana da wannan, domin ba sai ya shafe yini yana gardama da mutanen da rediyo ya gaya wa cewa ba a biyan komai ba. Wanda kawai ke son a bar maganar a dunƙule shi ne wanda abincinsa ke cikin duhun.

Uzurori uku

Masu kare wannan sakaci suna da uzurori, kuma ya kamata a saurare su kafin a watsar. Na farko shi ne amana: wai Turancin ne ya zo a dunƙule, aikin mai fassara kuwa ya isar da abin da ya tarar. Wannan uzuri ya rushe tun a Dakar. Yarjejeniyar 1979 an rubuta ta da Turanci da Faransanci, kuma kowane nassi yana da ƙarfin doka daidai da ɗan'uwansa. Nassin Faransanci ya ce *libre circulation*. Babu *gratuit* a wurin. Ma'anar da masu yarjejeniyar suke nufi a fili take, ƙetaren iyaka kawai za a leƙa a gan ta. Amana ga marubuci ita ce isar da nufinsa, kuma wanda ya kwafo raunin harshen marubuci ya bar nufinsa a baya ya ci amanar marubuci da mai sauraro gaba ɗaya.

Uzuri na biyu shi ne a bar kalmar da Turancinta, tunda yau kowa yana jin "firi". Gaskiya ne Hausa ba ta ƙin aro. Kwastan da fasfo da biza da rasit duk baƙi ne da suka zama 'yan gida, kamar yadda duwan da jandarma suka zauna a bakin mutanen Nijar. Amma kalmar aro ba ta shigowa da dukan ma'anoninta. "Firi" a bakin matasa abin da ba a biya ba ne, ko aikin banza, shi ke nan. Wanda ya bar ta a cikin sanarwar hukuma ya zaɓi ma'anar "kyauta" ke nan a ɓoye, ya kuma tsere wa alhakin zaɓin.

Uzuri na uku shi ne gajarta: kanun labari ba ya ɗaukar dogon bayani. A ƙirga. "Shiga ba biza" kalma uku ce. "Ba kuɗin fito" kalma uku ce. "Rage kuɗin fito tsakanin ƙasashen Afirka" bai fi numfashi ɗaya ba. Abin da ya yi ƙaranci a nan lokacin tunani ne, kuma yanzu da na'ura ta shigo lamarin ya ƙara muni. Tun da Google ya sa Hausa cikin manhajarsa ta fassara a 2013, aikin da dama ya koma kwafe da liƙawa. Na'ura daga rubutun mutane take koyo. Duk kuskuren da aka buga yau darasi ne gare ta gobe, kuma ita ba ta taɓa tsayawa a shinge da tirelar albasa tana ruɓewa a rana ba.

Abin da ya wajaba

Lamarin ya ƙara gaggawa saboda ƙasar da ake tsaye a kanta ta motsa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023 a Nijar, takunkumin ECOWAS ya sake rufe Illela har zuwa Maris 2024. Ranar 29 ga Janairu, 2025 ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ƙungiyar ta tabbata. ECOWAS ta nemi sauran ƙasashenta su ci gaba da karɓar fasfo da kayan waɗannan ƙasashe bisa tsohon tsari har sai an sanar da wani abu dabam. Ma'anar wannan ita ce abin da a da haƙƙi ne na yarjejeniya yanzu ya koma sassauci na wucin gadi, wanda za a iya janyewa da sanarwa guda. Mai fassarar da har yau yake cewa "'yanci" ba tare da wannan ƙarin bayani ba yana sayar wa mutane rumfar da aka riga aka zare wa ginshiƙi.

Gyaran ba ya bukatar kasafin kuɗi mai yawa. Duk mai fassarar da ya haɗu da *free* ya tambayi kansa abu ɗaya kafin ya rubuta: mene ne ainihin abin da aka ɗauke, kuɗi ne, ko biza, ko haraji, ko hani? Amsar ita ce fassarar. Idan nassin na ƙasa da ƙasa ne, ya duba na Faransanci. A Sakkwato da Katsina da Kano masu jin Faransanci ba su yi wuyar samu ba. Ƙamus kuma a karanta shi har ƙasan shafi. Neil Skinner a 1965 da Roxana Ma Newman a 1990 sun bar wa masu fassara ƙamusoshin Turanci zuwa Hausa, kuma amfanin irin wannan littafi yana cikin rarrabe ma'anoni, wanda mai gaggawa ke tsallakewa ya ɗauki layin farko.

Sauran aikin na cibiyoyi ne. Sassan nazarin harsunan Nijeriya na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Jami'ar Bayero, da takwarorinsu na Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, suna da masanan da za su iya zama da jami'an kwastan da ƙungiyoyin 'yan kasuwa su fitar da ɗan littafin kalmomin iyaka, shafi ashirin ko talatin, Hausa da Turanci da Faransanci a jere, da boko da ajami, a liƙa muhimman shafukansa a bakin ƙofar Illela da ta Ƙonni. Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a 2025, don haka takardun hukuma da Hausa za su ƙaru, kuma kalmomin da aka fara amfani da su su ne za su zauna. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abubakar Imam da abokan aikinsa na *Gaskiya Ta Fi Kwabo* tun daga 1939 suka riƙa bayyana wa manomi yaƙin duniya da dokokin gwamnati da Hausar da zai gane, a zamanin da ba intanet, ba tarin ƙamusoshin da ake da su yau. Masu fassarar wannan zamani sun fi su kayan aiki, kuma albashi suke karɓa a kan aikin. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Askin a nan shi ne a gaya wa mai shanu da mai albasa, da kalmar da ba ta da fuska biyu, abin da zai biya da abin da ba zai biya ba kafin ya ɗora kaya a mota.